Yaya za mu kira "concealed carry reciprocity" da Hausa?

Na buɗe wannan zaren ne domin masu fassara labaran Amurka, saboda akwai wata magana da take dawowa duk lokacin da majalisar ƙasar ta taɓo batun bindiga, wato "concealed carry reciprocity", ma'ana wata jiha ta yarda da lasisin ɗaukar bindiga da wata jihar ta bayar, kuma har yanzu kowannenmu yana juya ta yadda ya ga dama. Na ga an rubuta "yawo da bindiga a ɓoye", na kuma ga "musayar lasisin bindiga", alhali dukansu biyu suna kai mai karatu inda ba can aka nufa ba.

A Amurka jiha ce take ba mutum lasisin fita da ƙaramar bindiga a jikinsa, ba gwamnatin tarayya ba, kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan. Lasisin tuƙi yana aiki a duk jihohi 50, amma na bindiga yana iya zama takardar banza da zarar mai shi ya tsallaka iyaka. A 2013 'yan sanda sun tsayar da wata mata 'yar birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania a kan hanya a jihar New Jersey, ita da bakinta ta shaida wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a motar kuma tana da lasisin Pennsylvania. Nan take aka kama ta, domin New Jersey ba ta karɓar lasisin wata jiha, ta kuma fuskanci ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba. A 2015 Gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa. Kalmar da muke nema dole ta iya ba da labarin wannan matar ba tare da ta mai da ita ɓarauniya ba.

Shi ya sa nake ƙin "a ɓoye". Bahaushe idan ya ji an ce mutum ya yi abu a ɓoye, abin da yake zuwa masa a rai shi ne rashin gaskiya da gudun hukuma. A nan kuwa hukuma ce ta ba da takardar, ta san sunan mutumin da inda yake zaune. Idon jama'a kawai aka kare. Bindigar tana soke a ƙugu riga ta sauko a kanta, ko tana cikin jakar hannu. Duk wanda ya san dattijon da yake ɗaura wuƙa a cikin kube ƙarƙashin babbar riga ya san ba a cewa ya ɓoye ta, sai dai a ce tana rufe. Don haka na zaɓi "a rufe", kishiyarta kuma "a fili", kamar yadda maharbi yake rataya bindigarsa a kafaɗa kowa yana gani. "Yawo" ma ban yarda da ita ba, don tana ɗauke da ƙanshin gantali. "Mallaka" kuwa wata aba ce daban: hukuncin Kotun Ƙoli na shari'ar Heller a 2008 ya tabbatar da haƙƙin ajiye bindiga a gida, sai a Yunin 2022, a shari'ar Bruen, kotun ta ce haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje don kare kai. Saboda haka, "lasisin fita da bindiga a rufe".

Inda gizo yake saƙa shi ne kalma ta uku, wato "reciprocity". Wani abokin aiki ya kawo "cuɗe-ni-in-cuɗe-ka", na kuma ji daɗinta, domin haka wasu jihohin suke yi: ka karɓi lasisina, in karɓi naka, a sa hannu a yarjejeniya. Amma ba ta rufe duka ba. Akwai jihohin da suke karɓar lasisin kowa ko da ba a karɓar nasu, akwai kuma irin su California da New York da ba sa karɓar na kowa. Sannan ƙudurin da ɗan majalisa Richard Hudson na North Carolina ya gabatar, wanda ya wuce a majalisar wakilai a Disambar 2017 da ƙuri'u 231 a kan 198 kafin ya maƙale a majalisar dattawa, ba cuɗanya ba ne, umarni ne daga sama cewa kowace jiha sai ta karɓa. Masu goyon bayansa, ciki har da NRA, ƙungiyar kare 'yancin masu bindiga da aka kafa a 1871, suna cewa haƙƙin da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya bayar tun 1791 bai kamata ya tsaya a iyakar jiha ba. Masu adawa suna cewa zai sa jihar da ta tsaurara sharuɗɗa ta rayu da dokar jihar da ta fi kowa sassauci. Idan muka kira wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, mun shafe tilas ɗin da rigimar gaba ɗaya take a kansa. "Musaya" kuma ba ta shigo ba, tunda babu wanda yake miƙa lasisinsa a ba shi wani.

Shawarata ita ce "karɓar lasisin juna tsakanin jihohi" idan jihohi ne suka shirya da kansu, ƙudurin tarayya kuma mu ce "ƙudurin tilasta wa jihohi karɓar lasisin juna". Sun yi ɗan tsawo, amma mai sauraron rediyo zai gane su daga jin farko.

Ina kuma roƙo da babbar murya kada a gajarta sunan masu wannan fafutuka zuwa "'yan bindiga". Mai karatu a Gusau ko Katsina ya san waɗanda ake kira da wannan suna, ya san abin da suka yi wa ƙauyukansu. A ce "masu rajin 'yancin riƙe bindiga", ɗaya ɓangaren kuma "masu neman a tsaurara dokar bindiga". Kanun labari zai iya fita kamar haka: Masu rajin 'yancin riƙe bindiga a Amurka sun sake matsa wa majalisa lamba kan tilasta wa jihohi karɓar lasisin juna.