Littattafan mulkin kama-karya: wanne za mu ɗauka bayan 1984?

Hadiza: Salamu alaikum 'yan zaure. Na kammala 1984 na George Orwell. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gatsen da ke cikinsa, yadda gwamnati ke kiran kowane abu da kishiyar sunansa. Don Allah a ba ni shawarar wani mai irin wannan salon.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Kafin ki wuce gaba, ki koma kan ma'aikatun nan huɗu. Ma'aikatar Gaskiya ita ke ƙirƙirar ƙarya, ta Zaman Lafiya ke tafiyar da yaƙi, ta Wadata ke raba yunwa, ta Ƙauna kuma nan ake azabtar da mutane. Amma wurin da ya fi girgiza ni shi ne maganar cakulan. An rage rabon kowa daga giram 30 zuwa 20. Washegari aka sanar cewa jama'a sun fito zanga-zangar godiya saboda an ƙara rabon zuwa giram 20. Winston, tauraron littafin, na zaune a ɗakin cin abinci yana kallon fuskokin mutane, ya ga sun haɗiye zancen ba ko gardama. Gwamnati ba ta ma damu ta ɓoye ƙaryar ba, so take ka maimaita ta da bakinka.

Aminu: Gaskiya ne Malam. Yaya Hadiza, nemi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa Animal Farm a 1975. Orwell ɗin ne dai, kuma Hausar ta zauna. Dokin nan Akawal ya yi wa gandun bauta har ƙarfinsa ya ƙare, aladu suka sayar da shi ga mai yanka dawaki, suka ce a asibiti ya rasu cikin kulawa, kuɗin kuma suka sha giya da shi.

Hadiza: Allah sarki Akawal. Wannan mun karanta shi tun muna makaranta, Aminu. Wani sabo nake so.

Anti Binta: To ga Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, na 1953. 'Yan kwana-kwana ne a ciki, amma aikinsu cinna wa littattafai wuta. Ba shi da tsawo, ya dace da mai hidimar gida.

Malam Sani: Hajiya Binta ta kawo mai kyau. Ni dai zan fi ba da We na Yevgeny Zamyatin, ɗan Rasha. Mutanensa ba su da suna sai lamba, gidajensu na gilashi ne don kada wani ya ɓoye komai, shugaban da ke kashe su kuma ana kiransa Mai Kyautatawa. An fara buga shi da Turanci a Amurka a 1924, bai fito a ƙasarsa ba sai 1988. Orwell da kansa ya karanta shi ya yi sharhinsa kafin ya rubuta nasa.

Aminu: Malam, ba shi da nauyi kuwa?

Malam Sani: Yana da ɗan nauyi a farko, saboda mai ba da labarin injiniya ne da ya yarda da tsarin da zuciya ɗaya. Yana yabon sarƙar da ke wuyansa, kai mai karatu kana ganin abin da shi bai gani ba. Ka daure babi biyar, za ka kama zaren.

Anti Binta: Kada a manta da na nahiyarmu. Wizard of the Crow na Ngugi wa Thiong'o, ɗan Kenya, da harshen Gikuyu ya fara rubuta wannan littafin. Talakawa na layin neman aiki, fadawa na shirin gina wa shugaba hasumiyar da za ta kai sama. Sai dai yana da kauri sosai.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Zan fara da We. Malam, in kana da kwafi a taimaka min da aro.

Malam Sani: Akwai. Zan ba Aminu ya kawo miki ranar Asabar in Allah ya yarda.