Sai bango ya tsage: to wane ne ƙadangaren?

Ɗan Zango:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, don Allah manya su sa baki. Jiya Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan Afisawa sura 2, inda Manzo Bulus ke cewa Almasihu ya rushe katangar gaba da ta raba Yahudawa da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ya mai da su ɗaya. Da aka tashi sai aka zauna kan shirin Kirsimeti. Wasu suka kawo shawarar bana masu sujadar Hausa da masu sujadar Faransanci su ci abinci wuri guda, a kuma haɗa asusun gwauraye. Magana ta yi zafi har wata mama ta ɗauki jakarta. Can sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun farko ya gyara murya ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ya sa hularsa ya fita. Masu son a haɗa suka ce ai ya goya musu baya, masu ƙi su ma suka ce nasu ne. Fasto ya ce an rushe bango, dattijo ya ce kada bango ya tsage. Wane bango ke nan, kuma wane ne ƙadangaren?

Mai Shayin Birni:
Ƙadangaren na san shi. Ranar sharar majami'a ba a ganinsa, ranar shinkafa da miya shi ne a gaba da kwano biyu, ɗaya wai na maƙwabciya ne.

Tsohon Mushe:
Kai Mai Shayi, bari a yi magana. Ɗana Ɗan Zango, katangar da Bulus ke nufi mutanen zamaninsa sun san irinta da idonsu. A Haikalin Urushalima akwai wani shinge na dutse da bai kai tsayin mutum ba, tsakanin farfajiyar da kowa ke shiga da ta ciki. An kafa alluna a jikinsa da Helenanci da Latinanci, cewa duk baren da ya ƙetare, in aka kashe shi, shi ya ja wa kansa. An tono ɗaya daga cikin allunan nan a 1871, yana gidan tarihi a Istanbul har yau. Kuma ku duba Ayyukan Manzanni 21: abin da ya sa aka kama Bulus shi ne an gan shi cikin gari da wani mutumin Afisa, aka zaci ya shigar da shi bayan shingen. To mutumin da ya sha duka da sarƙa a kan wannan katanga shi ne ya rubuta wa Afisawa cewa an rushe ta. Bangon karin maganarmu kuwa na gida ne, mai kare na ciki. Na Bulus a tsakiyar gida aka gina shi. Dattijon ya faɗi gaskiya, amma a ganina ba a kan wannan zance ba.

Dattijon Sabon Gari:
Mushe, da girmanka, ban yarda ba. Ku da ba kwa nan a lokacin kuna iya maganar rushe katanga da sauƙi. Mu da muke Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 mun ga majami'u suna cin wuta. Iyalina a ɗakin maƙwabcinmu Musulmi suka kwana, Allah ya saka masa, ba zan manta ba. Tun daga ranar na san darajar bango. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan. Asusun gwauraye kuwa matan kasuwa ne suka tara shi da dala-dala, masu ƙosai da masu alkaki. Masu sujadar Faransanci yawancinsu ma'aikata ne da ɗalibai, bana suna nan, baɗi an yi musu canji. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. In aka haɗa kuɗi aka samu saɓani, tsagewar ke nan, kuma na waje ne zai yi mana dariya.

Haifaffen Damagaram:
Baba, wannan magana ta sosa mini rai. Mahaifina daga Togo ya zo, amma ni a garin nan aka yanke mini cibiya, a nan na binne uwata. Yaushe zan daina zama raɓa? Surar da aka karanta jiya, aya 19, ta ce mu ba baƙi ba ne kuma, 'yan gida ne. Kuma Baba, a wancan lissafi ai ni da kai duka Al'ummai ne. Da Bitrus ya riƙe "baƙo raɓa" bai shiga gidan Karniliyas, sojan Roma da ba Bayahude ba ne, ya yi masa wa'azi ba, da wa zai kawo bishara Damagaram a 1924? Maganar gwauraye ma ba yau ta fara ba. A Ayyukan Manzanni 6 masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su raba tukunya ba. Mutum bakwai aka zaɓa su riƙe rabon, duka da sunayen Helenawa.

Dattijon Sabon Gari:
Ɗana, ba da kai nake ba. Kai namu ne.

Haifaffen Damagaram:
Na gode Baba, amma haka ake gaya mini kullum, sai an zo zaɓen dattawa a tuna inda ubana ya fito.

Mai Kabu-kabu:
Ku kuna neman ƙadangare a majami'a, ni kuwa na san inda suke. Su ne masu zuwa da manyan motoci in zaɓe ya gabato, ka ce musu ruwa, su gyaɗa kai, ka ce hanya, su gyaɗa kai. Tun ina goye ake yi wa Damagaram alkawarin ruwa, yau ga ni da furfura matata na bin layin famfo da bido tun asuba. Ƙadangaren bakin tulu ke nan, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa.

Mai Shayin Birni:
Wane tulu kuma? Tulun ma babu ruwa ciki! Akwai wanda na sani ya sauya jam'iyya har matarsa sai ta leƙa hularsa da safe kafin ta san taken da za ta rera.

Ɗan Zango:
Jama'a don Allah, a dawo kan zance.

Ɗiyar Mirya:
Ku ba ni wuri in ba ku labarin kakata, ta wajen uwa. Mu muna ce mata Iya. Mijinta ya karɓi bishara yana saurayi, da suka yi aure dangi suka juya musu baya, sai suka baro ƙauye suka shigo birni, suka kama haya a Sabon Gari. Gidan babba ne da aka raba biyu da katangar laka. A ɗaya ɓangaren akwai wani kafinta mutumin Dahome, wato Benin ta yau, da matarsa. Majami'a ɗaya suke zuwa, ƙoƙo ɗaya suke sha ranar Jibin Ubangiji, amma a gida ko gishiri ba a ara. Iya ta ce da ta ji ƙamshin suya daga can sai ta toshe hanci da bakin zane, don ta san wani lokaci naman alade ne, ita kuwa ko sunansa ba ta so. Matar kafinta ita ma tana cewa waɗannan tubabbun ba a dogara da su, gobe dangi su kira su koma.

Wata damina aka kwana ana tsuga ruwa. Wajen asuba suka ji rugum, katangar ta zube, ta binne murhun Iya da tukunyar miyarta. Gari ya waye matan biyu suna tsaye cikin taɓo suna kallon juna, kowacce da ɗaurin ƙirji. Mai gidan hayar yana Kano, su kuma ba su da kuɗin magini. Kakana ya kafa zana, akuyar Iya ta cinye gindinta cikin sati. Aka sake kafawa, ta sake ci. Aka haƙura.

Ba a shirya nan da nan ba fa. Iya ta ce sun fi wata biyu kowacce na juya wa 'yar'uwarta baya in tana tuƙa tuwo. Har wani dare kafinta ya tafi aiki Magarya, naƙuda ta kama matar. Da katanga na nan da Iya ba ta ji ba, don matar ba mai ihu ba ce, nishi kawai take tana dafe da turmi. Iya ta tsallaka tarin ƙasar nan da fitilar ƙwai, ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi. Matar ba ta da uwa a kusa, sai Iya ta zama uwa: ta sayi itace da kuɗinta, ta yi mata wankan jego safe da yamma har arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Matar na kuka da zafin ruwan tana cewa a garinsu ba haka ake ba, Iya na cewa yanzu a garinmu kike.

Bayan arba'in matar ta je kasuwar Dole ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ta ce wa Iya, wannan taki ce, abin da ba kya ci ba zai taɓa shiga cikinta ba. Duk ranar da za su ci tare, a ita ake girki. Iya har ta koma ga Ubangiji ba ta ɗanɗana alade ba, matar kuma ba ta daina ci ba. Babu wadda ta mai da wata irinta.

A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya tashi tsakanin Nijar da Dahome aka kori mutanen Dahome da yawa, su ma suka tattara. Iya ta raka su tasha da yaron a bayanta, sai da mota ta tashi ta kwance shi. Matar ta bar mata tukunyar da mabuɗin ɗaki. Ni na ci tuwo da miyar tukunyar nan, ƙyallen ya koɗe ya zama fari amma Iya ba ta yarda a cire ba.

Amma in faɗi duka: shekarar da katangar ta faɗi ɓarawo ya shiga ta ɓangaren kafinta, ya bi ta giɓin ya kwashe hatsin Iya. Kakana ya riƙa faɗin wannan karin maganar a kan haka har tsufansa. Iya kuwa in ya faɗa sai ta ce, hatsi nawa ne?

Uwar Tagwaye:
Wayyo Iya. Allah ya sa tana hutawa. Na karanta wa mijina, shi ma ya yi shiru. Yaya, yaron fa, kun sake jin labarinsa?

Ɗiyar Mirya:
Wasiƙa ɗaya ta zo da hoto, yana cikin kayan lakwal. Daga nan shiru.

Dattijon Sabon Gari:
Kun ji dai da kunnenku. Bango ya faɗi, ɓarawo ya shiga. Kakanki namiji ya fi ku gane karin maganar.

Uwar Tagwaye:
Haba Baba! Daga cikin labarin nan duka hatsin kaɗai ka ji? Da bangon na tsaye mace da jariri za a rasa.

Tsohon Mushe:
Ɗiyata, tukunyar Iya ta kai ni Romawa 14. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49, shi ya sa Bulus ya tarar da Akila da Bilkisu a Koranti. Bayan mutuwarsa a 54 suka fara komawa, suka iske ikilisiya ta cika da Al'ummai masu cin komai. Bulus bai ce wa kowa ya sauya cimarsa ba. Ya ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. A sura 11 kuma ya ja kunnen Al'ummai, cewa su rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a kan na gida, kada su yi wa saiwa alfahari. Wannan gargaɗin namu ne dukanmu a nan, kuma tarihi ya nuna ikilisiya ta sha mantawa da shi, Yahudawa suka sha wuya a hannun masu kiran sunan Yesu, shi da yake Bayahude.

Mai Kabu-kabu:
To Mushe, in haka ne a sayo tukunya biyu ranar Kirsimeti a huta.

Haifaffen Damagaram:
Tukunya biyu ba laifi, tabarma biyu ce matsala. Bitrus ma a Antakiya yana ci da Al'ummai lafiya lau, da mutane suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye, har Barnaba ya bi shi. Bulus a gaban kowa ya tsawata masa, yana nan a Galatiyawa 2. Bai ce a rufa asiri don kada bango ya tsage ba.

Dattijon Sabon Gari:
Amma a taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, an ce ba sai Al'ummai sun yi kaciya ba, duk da haka aka gindaya musu sharaɗi: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Ashe haɗuwa ma da ƙa'idarta. Ni ban ƙi cin abinci tare ba. Asusun ne nake so a rubuta yadda za a riƙe shi kafin a haɗa, da mutum biyu-biyu daga kowane ɓangare masu sa hannu.

Uwar Tagwaye:
To Baba ai da haka aka faɗa jiya da mamar nan ba ta ɗauki jakarta ba. Ni a gidanmu wannan karin maganar a kan kishiyoyi kaɗai na taɓa jin ta, in ana gargaɗin kada a kai ƙarar miji waje.

Mai Shayin Birni:
A fadarmu kuwa ranar da aka ci ƙungiyarmu ƙwallo uku muka faɗe ta, 'yan baya suka buɗe, ƙadangaru suka yi ta shiga. Maganar shinkafar dai, wa zai dafa? In matan sujadar Faransanci ne a gaya musu su rage barkono, bara sai da na nemi fura.

Ɗan Zango:
Har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da dattijon ke nufi. Na aika yaro gidansa an ce ya tafi gona Takeita sai Alhamis.

Tsohon Mushe:
Kafin ya dawo ga wata ku taya ni da ita, tun da Baba ya taɓo kaciya. Bulus ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin Listira, Ayyukan Manzanni 16, don uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bahelene. Titus kuwa da suka je Urushalima tare, bai yarda a tilasta masa ba. Mutum ɗaya, almajirai biyu, hukunci biyu. Haifaffen Damagaram da Baba na Sabon Gari, kowannenku ya gaya mini wanne daga ciki ya yi daidai da maganar asusunmu.

Mai Kabu-kabu:
Ku dakata da amsa, an kawo ruwa a unguwarmu, bari in je in taya matata ɗaukar bido.