Abin da masu jinya suka ce a kula da shi a asibiti

Na tattara shawarwarin da aka bayar kan zaman jinya, wanda ya fi maimaituwa shi ne wanke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar kusan 15 na kwasar wata cutar a asibitin, don haka in nas ta taso daga wani gado za ta taɓa mara lafiyarka, ka roƙe ta cikin ladabi, sista don Allah a ɗan shafa sanitaiza. Wasu sun ce kunya suke ji, to ni dai ban ga abin kunya ba.

Sai magani. Kafin a yi allura ko a rataya ƙarin ruwa ka tambayi sunan maganin, ka duba ko sunan mara lafiyarka ne a kan fayil, a ɗaki ɗaya sai ka samu Aisha uku wallahi, kuma in penisilin na sa shi ƙaiƙayi ko kumburi ka faɗa wa duk likitan da ya zo, kar ka ce ai an rubuta. Kanula ma, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don allura ko ƙarin ruwa, a riƙa leƙawa, in wurin ya yi ja ko ya kumbura a kira nas. Robar fitsari kullum a tambaya ko lokacin cirewa ya yi, daɗewarta ke jawo cuta.

An ɗan yi gardama kan masu dubiya, yawanci sun ce a rage cincirindo, a daina zama kan gado, rubutu ko jiƙo kuma kar a ba mara lafiya a ɓoye, a sanar da likita tukuna.