Idan na ja gefe a mitin, ƙarin kuɗin zai hau kaina?

Baƙon_Kalifoniya: Salam jama'a, don Allah masu zama a unguwannin haɗin gwiwa irin na nan Amurka ku taimaka min. Mu nan kowa da gidansa amma akwai babban gida na kowa da kowa, da kicin da wajen wanki, kuma ba a kaɗa ƙuri'a sai kowa ya amince. To yanzu an kawo maganar sa sola a rufin babban gidan za a ƙara kuɗin wata, ni dai ban gamsu ba don rufin ya tsufa, amma bana so a ce ni kaɗai na hana ruwa gudu. Mai jagorantar mitin ta ce in ja gefe. In na ja, ƙarin zai hau kaina?

Maman_Twins: Zai hau mana ɗan'uwa. Ja gefe kana cewa ne ban goyi baya ba amma ku wuce, a rubuta sunanka da dalilinka a takardar mitin, aikin kawai ake ɗauke maka ba za a tura ka neman masu sa solar ba, hukuncin kam ya hau kowa. Wajen 'yan Kuweka, wata ɗariƙar Kirista, aka aro shi. Kuma daban yake da wanda ya ƙaurace don bai bibiyi maganar ba.

Ɗan_Tasha: Ni wlh kunya nake gani a ja gefen nan. In rufi na yoyo ka ɗaga jan kati ka toshe maganar kawai malam.

Maman_Twins: Jan kati ba abin wasa ba ne fa. A N Street, wata unguwar haɗin gwiwa da ke garin Davis a Kalifoniya, wanda ya toshe sai ya zauna da masu shawarar har sau 6 cikin wata 3 suna neman mafita, in an kasa a koma ƙuri'a da kashi 75. Amma nan kana da ɗan gaskiya, rufi ba son rai ba ne, dukiyar kowa ce. Baƙo ka nemi a kira mai duba rufin tukuna kafin a sa hannu, kuma ka tuntuɓi maƙwabta, in ku uku ko huɗu kuka ja gefe yawanci mayar da maganar ake yi a sake dubawa.

Baƙon_Kalifoniya: Na gode Hajiya, akwai wata tsohuwa gidan kusa da mu da naji tana ƙorafin rufin, zan leƙa ta kafin Lahadi.