Gwajin G6PD na ɗigon jini ɗaya, abin dogaro ne?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ɗana ya yi shawara kwana 3 da haihuwa, likita ya ce a duba ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. An ce akwai ƙaramar na'ura mai araha, a huda yatsa kawai. Hankalina bai kwanta ba, don Allah a haska mini.

Ma'aikacin Lab: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina aiki da ta kamfanin SD Biosensor, minti 2 ta fitar da lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2024. Sai dai in an ƙara masa jini, ko jajayen ƙwayoyin jininsa na cikin fashewa, tana iya cewa lafiya lau alhali ba haka ba. A maimaita bayan wata 3.

Yaya Babba: Ki nesanta shi da kafur na kayan sawa. A gwada ke ma, ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa.

Ma'aikacin Lab: Haka ne. Mata kuwa gwaji mai fitar da lamba ya dace da su, gwaji mai nuna sakamako ta sauya launi yakan kasa gano ƙarancin a jikinsu. Kar a ba yaron firimakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai an gwada.