Malaman Sakkwato masu koyarwa ta waya: yaya kuke hana ɗalibai sulalewa?

Malamin lissafi, Mabera:
Assalamu alaikum malamai. Ina yi wa 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO ƙarin darasi ta Zoom ranar Asabar. Za su shigo, in yi sallama su amsa, sai kowa ya kashe kyamara ya rufe makirfo, a bar ni ina ta zuba kamar mai wa'azi a kasuwar da ta watse. Makon jiya na kira sunan wani yaro har sau uku, shiru. Da aka tashi kowa ya fita, shi yana nan. Ashe wayar ya jona a caji ya tafi aike. Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana abin da ya gwada da hannunsa.

Malamar Turanci, Arkilla:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar kyamara dai ka haƙura da ita. Ni ma na taɓa kafa dokar sai kowa ya kunna, har wata ɗalibata ta kira ni gefe ta ce, Malama, ɗakinmu ɗaya, Inna na wucewa ba lulluɓi, wayar kuma ta Baba ce. Kunya ta kama ni. Tun ranar ban sake tambayar fuskar kowa ba.

Abin da nake yi yanzu, na yayyanka takarda na rubuta sunan kowa na zuba a gwangwanin madara. In na yi bayani na minti biyar sai in girgiza gwangwanin kusa da makirfo, su ji ƙararsa, in zaro suna. Wanda ya fito shi zai karanta jimla ta gaba. Sauran kuma su rubuta 1 in sun yarda, 2 in suna ganin da gyara. Har sun sa masa suna "gwangwanin Malama", in na manta su ke tuna mini.

Lakcara, Runjin Sambo:
Mu abin ya same mu ne a Maris ɗin 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, ga yajin aikin ASUU da bai ƙare ba sai Disamba. Bayan an dawo wasunmu suka ci gaba da haɗawa da waya don a cike giɓi. Zoom na kyauta yana yanke taro in an kai minti 40, da farko haushi yake ba ni, daga baya na gane iyakar haƙurin ɗalibi ke nan. Sai na raba lacca biyu, tsakani a sha ruwa. Google Meet yana kai awa ɗaya, amma ko a can ba na wuce arba'in ɗin.

Raba su ƙananan ɗakuna don tattaunawa kuwa, sau ɗaya na gwada. Na leƙa ɗaki na uku na tarar ana musun ƙwallo. Abin da ya zauna mini shi ne tambaya biyar a Google Forms a ƙarshen darasi, ya yi maki da kansa, shi ne kuma rajistata. Wanda ya bar waya a caji ba ya iya amsa su.

Malamin allo da hadda, Gidan Igwai:
Allah shi gafarta malamai, ku naku da sauƙi. Ni ɗiyan 'yan uwa nike biya ma karatu, wasu Abuja, biyu Ingila. Ran farko na ce mu yi yadda munka saba, in ja baƙi su amsa baki ɗaya. Wallahi sai da na toshe kunne. Muryar kowa da lokacin da take isowa, wanga na "Maliki" wancan bai gama "Rahim" ba. Karatun taro bai yiwuwa ta wagga hanya, na aje shi.

Yanzu kowa shina aiko haddarshi da saƙon murya ta WhatsApp kafin magariba. In saurara, in ce mashi a daƙiƙa ta goma sha biyu ka gajarta madda, nan kuma ka haɗiye gunna, in karanta mashi wurin shi maimaita. Abin mamaki, gyaran ya fi na zaure kamawa, don yaro na iya jin muryata sau goma ba ni gajiya. Kiran bidiyo sai Alhamis, mutum ɗai-ɗai, minti goma, don in tabbata ba shi kallon Mushafi.

Ɗaliba, 'yar Goronyo mai karatu a birni:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Ba kullum ne raini ke sa mu shiru ba. A zafin Afrilu wayata kan yi zafi har ta rage haske ta tsaya, sai na cire mata riga na jingina ta jikin randa. In an ɗauke wuta kwana biyu, cajin da na biya a shago nake lallaɓawa. Data ma tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025 bidiyon awa ɗaya ya zama abin lissafi. Sannan a Satumbar 2021 da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro ina gida, sai wanda zai shigo birni nake ba wayata ya sauko mini da abin da aka tura guruf. Malamin da ya taimake ni a lokacin shi ne wanda ke tura saƙon murya da hoton allo bayan kowane darasi. Wanda ya ce "ai na yi bayani a Zoom", darasinsa ya wuce ni.

Malamin kimiyya, Gawon Nama:
Gaskiyarki ƙanwata. Ni Kahoot, wani wasan tambaya da amsa na waya, ya ruɗe ni, yara na ihu suna murna, na ɗauka na gama. Sai na lura kullum yara uku ne a sama, kuma ba su ne suka fi ƙoƙari a aji ba. Wasan yana ƙara maki ga wanda ya riga dannawa, wato mai sabis mai ƙarfi ke cinyewa. Na koma ƙuri'ar WhatsApp, ba ruwanta da gaggawa.

Malam na Mabera, kai da ke lissafi, kada ka wahalar da kanka da allon cikin manhaja. Na saba da wani irin allon mai suna Jamboard, Google ya rufe shi a ƙarshen 2024, rubutu da yatsa a gilashi kuma kamar tafiyar kaza. Tara littattafai, ka ɗora wayar a kai kyamarar baya na kallon farar takarda, ka yi aiki da baƙin alƙalamin maka. Ka tsaya a tsakiyar lissafi ka ce wane, me zan rubuta a layi na gaba? In ya faɗi kuskure ka rubuta shi yadda ya faɗa, ka bar 'yan uwansa su kama shi.

Malamin lissafi, Mabera:
Allah ya saka da alheri. Na samo gwangwani, littattafan ma na tara, saƙon murya kuma zan fara turawa daga wannan Asabar. Saura lokaci. Ƙarfe goma na safe ana aiken yara, bayan la'asar suna Islamiyya, bayan isha'i kuma iyaye maza sun dawo sun karɓi wayoyinsu. Malama ta Arkilla, ke da ƙarfe nawa kike yi?