Tambaya kan ƙa'idojin tsara mujallar makaranta

Hadiza, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina karatun aikin jarida da sadarwa, kuma aikin da aka ɗora mana a wannan zango shi ne kowane ɗalibi ya tsara bango, da shafin abubuwan da ke ciki, da shafuka biyu na tsakiya na mujallar wata makarantar sakandare, sannan ya rubuta dalilin kowane zaɓi da ya yi. Ni na ɗauki wata lise ta nan Damagaram. Darussan da nake samu a intanet kusan duk a kan mujallun Ingila da Faransa aka gina su: sunan mujalla a sama, babban hoto guda, kanun labarai a jere ta hagu, launuka kada su wuce uku. Ina roƙon malamai da yayye su fayyace mini waɗanne ne dole a cikin waɗannan ƙa'idoji, waɗanne ne kuma za a iya saɓa musu, idan mujallar da Hausa da Faransanci za ta fito, kuma a nan garin za a buga ta.

Malam Lawali, Birni

Wa alaikumus salam, ƴata. Kafin ki bi wata ƙa'ida ko ki bar ta, ki fara neman dalilin da ya haife ta, domin a nan mai duba aikinki zai gane ko kin fahimta ko kwaikwayo kika yi. Ki ɗauki zancen jera kanu ta hagu. A shagunan sayar da jaridu na Turai ana ɗora mujallu wata kan wata, ta yadda sau da yawa gefen hagu kaɗai mai saye yake gani, shi ya sa ake tara masa abin da zai ja hankalinsa a can. Mujallar lise kuwa hannu da hannu take yawo, daga aji zuwa aji, daga nan ta tafi gida wurin iyaye, kowa da dukan bangon yake cin karo. Saboda haka kina iya sauke kanun zuwa ƙasan hoto, muddin kin rubuta wannan dalili a bayaninki.

Abin da ba na yarda a taɓa shi ne sunan mujalla. Ya zauna a sama, da siffar haruffa ɗaya a kowace fitowa, tambarin makaranta a gefensa, lambar fitowa da wata da shekara a ƙarƙashinsa. Kowace shekara ƴan ajin ƙarshe suna wucewa, sababbi su karɓi aikin, kuma wannan suna ne kaɗai yake nuna cewa mujallar ɗaya ce.

Sai hoton bango, inda na fi ganin ana tuntuɓe. An saba a jera shugaban makaranta da malamai da baƙi a gaban ofis, kowa ya ƙame, fuskoki ashirin waɗanda ba a iya shaida ko ɗaya. Mujallar ɗalibai ce, don haka ɗalibi ya kamata ya hau bango, mutum ɗaya ko biyu, an ɗauko su kusa suna cikin wani aiki: yarinya a gaban allo da alli a hannu, ko yaro yana ban ruwa ga dashen da ke harabar makaranta. Ki bar sarari a saman kansa tun wurin ɗaukar hoto domin sunan mujalla ya samu mazauni. Kanu uku ko huɗu sun isa, babba ɗaya wanda ya dace da hoton, sauran ƙanana, kuma su zama abin da ɗalibi ke son sani, kamar shirin jarrabawar BEPC da BAC. Kada ki manta da neman izinin iyaye kafin ki sa fuskar yaro, musamman ƴan mata. Jawabin shugaban makaranta kuwa yana da wurinsa na mutunci a shafi na 2, tare da akwatin da ke ɗauke da sunayen editoci da malamin da ke kula da su.

Sani, mai aikin ɗab'i a Sabon Gari

Malam ya gama zancen bango, ni zan yi magana kan abin da ke faruwa idan aikin ya iso gaban inji. Ƙanwata, ki fara da ƙidayar shafuka. Mujallar da girmanta A4 ne, wato milimita 210 da 297, a kan takardar A3 ake buga ta a ninka biyu a ɗinke tsakiya da ƙusa, kuma kowace takarda shafi huɗu take bayarwa. Ke nan shafukanki 8 ne, ko 12, ko 16. Idan kika kawo 10, dole a ƙara biyu farare ko a yanke biyu. Ki ɗauki fallayen takarda biyu ki ninka, ki rubuta lamba a kowane shafi, sannan ki warware su, za ki ga shafi na 1 yana tare da na 8, na 2 da na 7, na 3 da na 6, na 4 da na 5. A cikin shafuka masu bin juna, na tsakiya ne kawai suke kan fuska ɗaya ta takarda, shi ya sa a can ake shimfiɗa babban hoto mai tsallaka shafi biyu. A wani wurin rabi da rabi ba su cika haɗuwa daidai ba.

Darussan da kike karantawa za su ce ki bar hoto ya zarce bakin shafi da milimita 3 domin a datse bayan bugu. Wannan na babbar maɗaba'a ne mai injin yanka. Injin fotokofi ba ya kai tawada bakin takarda, yakan bar farin layi kewaye, don haka gara ki ba kowane gefe santimita ɗaya da rabi tun farko. Galibin makarantu bango kawai suke iya biya da launi, ciki baƙi da fari ne, kuma ja da kore masu duhu iri ɗaya suna komawa toka ɗaya, rubutun da aka ɗora a kai ya ɓace. Ki buga gwaji kafin ki miƙa aikin. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, a waya yana da kyau, a takarda ya dagule. Ki nemi na asali wanda zai kai ɗigo 300 a inci, ki kawo aikin a PDF da haruffan a cikinsa.

Mariama, Karkada

Hadiza, ni batun harshe zan taɓa, domin darussan Turai ba su san da shi ba. Kafin ki ƙaunaci kowace siffar haruffa, ki rubuta «ƙofar ɗakin ƴan ɓangaren» da ita, manya da ƙanana. Da yawa daga kyawawan haruffan kanu ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai kwamfuta ta aro su daga wata siffa, kalmar ta fito da harafi ɗaya siriri a tsakiyar masu kauri, ko wani ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Siffofin haruffa na Charis SIL da Andika da Noto suna da su duka, kyauta ne, kuma suna aiki a Scribus, manhajar tsara shafuka, wadda ita ma kyauta ce. Ki bi ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, wadda take amfani da ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, kada ki gauraya biyun. Kowane harshe kuma ya riƙe alamominsa: Faransanci yana barin fili kafin alamar tambaya da ɗigo biyu, Hausa ba ta bari.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kina da hujja mai ƙarfi ta ba Hausa babban kanu a bango. Ba na goyon bayan a fassara kowane labari a jera su kafaɗa da kafaɗa, domin hakan yana cinye rabin shafuka. Hira da tsohuwar ɗaliba ko labarin kokawa su fito da Hausa, bayanin jarrabawa da Faransanci, kowanne da taƙaitawa ta layi uku da ɗaya harshen. Shafin abubuwan da ke ciki kuwa, a mujalla mai shafi 8, ina ganin ɓarnar takarda ne.

Malam Lawali, Birni

Mariama ta yi gaskiya game da shafi 8, amma Hadiza an umarce ta da ta tsara wannan shafi, don haka ta ɗauki mujallar a matsayin mai shafi 16, inda yake da amfani. Ƴata, ki raba shi gida biyu, jerin labarai da manyan lambobin shafi a ginshiƙi ɗaya, hotuna biyu ko uku masu ɗauke da lambar shafinsu a ɗayan, ki sa ƙaramar alama a gaban kowane labari da ke nuna harshensa, domin uwar da Hausa kaɗai take karantawa ta san inda za ta buɗe. A shafukan ciki ginshiƙi uku ya dace da A4, rubutu mai girman 10 ko 11, siffa ɗaya ga kanu, ɗaya ga jikin labari, kowane hoto da bayaninsa da sunan wanda ya ɗauka. Idan kuma makarantar za ta riƙa tura mujallar ta waya, ki ambata a bayaninki cewa ginshiƙi biyu ya fi sauƙin bi a ƙaramin allo, ki nuna samfurin shafi ɗaya da aka tsara haka.